Dabaibayi da turke: yadda ake ɗaure zanen ƙofar ƙarfe a AutoCAD

Duk mai yi wa masu walda zane a Maradi ya san wannan kiran wayar. Ka gama zanen ƙofar gida mai ganye biyu, ka buga a takarda, ka kai shago. Da la'asar sai ga waya: "Malam, magini ya ce a ƙara faɗin ƙofar nan, babbar motar ba za ta shige ba. A mai da ita mita 4." Kai kuwa mita 3 da rabi ka zana. A bakin Alhaji, mai gidan da ya kira ka, rabin mita ne kawai. A kan allo kuwa ganye biyu ne za su canja, da tazarar kowace sanda, da bakan da ke sama, da duk lambobin awo.

Shekarun baya irin wannan gyara ya taɓa jawo mini asara. Na ja zanen da hannu, na gyara lambobi, ganyen dama ya tsere mini da tsohon awonsa. Mai walda ya yarda da takardata ya yanka ƙarfe. Ranar ɗora ƙofa a wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, ganyayen suka ƙi haɗuwa a tsakiya. Kuɗin ƙarfen bai dame ni kamar yadda mutumin ya dube ni ba, don ya ba takardar amana. Tun daga ranar na koma ɗaure zanena, kuma abin da nake so in koya maka ke nan.

Ni dabaibayi nake kiran abin, don aikinsa ke nan. Akuyar da aka yi wa dabaibayi tana motsi, amma iyakar inda igiya ta yarda. A AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, iri biyu ne. Akwai dabaibayin siffa, wanda ke riƙe dangantaka tsakanin sassan zane: wannan layi a kwance yake, bakin wancan manne yake da bakin wannan, da'irorin nan biyu cibiyarsu ɗaya. Akwai kuma dabaibayin awo, wanda ke riƙe lamba: tsawo, faɗi, kusurwa. Bambancinsa da awon da ka saba sawa shi ne, awo na yau da kullum rahoto yake bayarwa, zane ya canja ya bi shi. Dabaibayin awo umarni yake bayarwa, ka canja lamba zane ya bi. Dabarar ta girmi AutoCAD ɗin kansa, wanda ya fito a 1982. Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna ta a Amurka cikin manhajarsa Sketchpad.

Kafin ka ja layi ko ɗaya

Duba wane AutoCAD ke kan kwamfutarka. Waɗannan kayan aiki sun shigo ne daga AutoCAD 2010. Wanda har yanzu ke riƙe da 2007 ba zai same su ba. AutoCAD LT kuma ba ya ƙirƙirar sabon dabaibayi. In naka cikakke ne, za ka ga shafin Parametric a jeren sama, ko Paramétrique in na Faransanci ne. Da yake a garin nan wani na aiki da na Faransanci, wani da na Ingilishi da ya zo da kwamfutarsa daga Katsina ko Kano, ga abin da zai haɗa mu: in ka sa ƙaramin layin ƙasa kafin sunan umarni na Ingilishi, yana aiki a kowane harshe. Wato _GCFIX zai amsa maka ko da allonka duk Faransanci ne. Da sunayen Ingilishi zan riƙa kawo umarnin, kai ka ƙara layin ƙasan in kana bukata.

Sa awonka a milimeta. Sannan ka kiyaye wani abu da ke kama waɗanda suka yi karatu da Faransanci: a makaranta mun saba rubuta 2,5 da waƙafi, AutoCAD kuwa ɗigo yake so, 2.5. Waƙafi a wurinsa raba lambobi biyu yake yi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci: ɗauki takarda da biro ka raba lambobin ƙofar kashi biyu. Waɗanda ake ba ka daga waje, da waɗanda lissafi ke haifarwa. A ƙofarmu, magini ne ke ba da faɗin da ke tsakanin ginshiƙai, 3500, da tsayi, 2200. Mai walda ne ke ba da giɓin da yake bari don ganye ya juya ba tare da ya gogi siminti ba, mu ce 10 a kowane gefe da 10 a tsakiya, da 50 a ƙasa saboda yashi da ruwan damina. Kasuwa ce ke ba da kaurin ƙarfe: tiyo mai kusurwa huɗu na 40 don firam, na 20 don sanduna. Faɗin ganye kuwa ba wanda ke ba ka shi, lissafi ne. Wanda ya rubuta shi da hannu a matsayin lamba ya riga ya buɗe ƙofar kuskuren da na yi.

Siffa tukuna

Zana ganyen hagu da layuka huɗu, kusa da girmansa na gaskiya. Ba sai ya yi daidai ba, amma kada ka zana abu mai faɗin 20 kana nufin 1735. In ka yi haka, ranar da ka sa awo na farko zanen zai yi tsalle, wani layin ya kife ta bayan wani, ka rasa gane kansa.

Yanzu ka lissafa hanyoyin motsi, don wannan lissafin shi ne zuciyar aikin duka. Ɗigo a kan allo yana iya zuwa gefe, yana iya zuwa sama, hanya 2 ke nan. Layi yana da baki biyu, hanya 4. Da'ira tana da 3, wato cibiya 2 da girma 1. Layukanka huɗu suna da hanya 16 gaba ɗaya, kuma aikinka shi ne ka toshe su ɗaya bayan ɗaya har su koma sifiri.

Fara da GCCOINCIDENT. Danna bakin layi na farko, danna bakin na biyu, su manne. Yi haka a kusurwoyi huɗu. Za ka ga ɗan ƙaramin murabba'i shuɗi a kowace mahaɗa. Kowace mannewa ta cinye hanya 2, saura 8. Kada ka ce ai bakunan sun riga sun taɓa juna tun da ka zana su. Taɓa juna daban, ɗauri daban. Bakuna biyu da ke wuri ɗaya ba tare da dabaibayi ba, ranar da aka ja ɗaya sai su rabu.

Sai GCHORIZONTAL a kan layin sama da na ƙasa, GCVERTICAL a kan na gefe biyu. Saura 4. A nan akwai zaɓi da ya kamata ka yi da hankali. Kwance da tsaye suna ɗaure zanen da shimfiɗar allo, ba zai ƙara juyawa ba. Ga ƙofa wannan daidai ne. Amma in abin da kake zanawa zai iya karkata wata rana, kamar ƙarfen rufin rumfa ko hannun matakala, to ka yi amfani da GCPARALLEL da GCPERPENDICULAR. Su suna riƙe kusurwa 90 tsakanin layukan, su bar siffar duka ta juya yadda ake so.

A irin waɗannan umarni masu neman abu biyu, wanda ka fara dannawa shi ke tsayawa, na biyun ne ke motsawa ya bi shi. Saboda haka kullum ka fara da wanda ka yarda da shi.

Sannan turke. GCFIX a kan kusurwar ƙasa ta hagu, sai ɗan kwaɗo ya bayyana a wurin. Saura 2, faɗi da tsayi, kuma su aikin awo ne. Turke ɗaya ya isa zane duka. Na sha ganin masu koyo, da zarar wani layi ya motsa inda ba su so, sai su kafa masa turke, wani ya motsa su ƙara wani. Kafin a jima zanen ya cika da kwaɗuna, ba abin da ke motsi, har awon da aka sa don ya motsa shi. In layi ya gudu, akwai dangantakar da ba ka faɗa ba. Nemo ta.

A zanen ƙofa cikakke, ni ba a jikin ganye nake kafa turken ba. Ina fara zana ramin ƙofar, wato fuskar ginshiƙai biyu da layin ƙasa, da layin tsakiya a tsaye. Turken yana gindin layin tsakiya, ginshiƙan kuma ina ɗaure su da GCSYMMETRIC a kansa, ta yadda in faɗi ya ƙaru za su buɗe hagu da dama daidai wa daida. Ganyen dama ma haka: kusurwoyinsa su zama madubin na hagu a kan layin tsakiyan. Da haka ba zai taɓa yiwuwa ganye ɗaya ya canja ya bar ɗan'uwansa ba. Wannan ɗaurin guda da na san shi a lokacin, da ƙarfen Ali Ɗan Sofo bai lalace ba.

Dabaibayin siffa iri 12 ne gaba ɗaya. Mun taɓa bakwai. GCCOLLINEAR yana jera layuka biyu a kan miƙe ɗaya, da shi za ka sa ƙasan ganyayen biyu su daidaita. GCEQUAL yana daidaita tsawon layuka ko girman da'irori, kuma yana da zaɓin ɗaure da yawa a lokaci guda, abin da za ka bukata wajen sanduna. GCCONCENTRIC na masu cibiya ɗaya ne, kamar bakan waje da na ciki a saman ƙofa, ko ramin ƙusa da zagayen farantin da ke riƙe hinji. GCTANGENT yana sa baka ya sauka a kan layi lami lafiya ba karyewa, amma ka tuna shi kaɗai ba ya manne bakuna, sai ka haɗa masa da GCCOINCIDENT. Na ƙarshen, GCSMOOTH, na lanƙwasassun layuka ne irin na ado, a aikin walda da wuya ka neme shi.

Hanyar gaggawa da haɗarinta

Akwai AUTOCONSTRAIN. Ka zaɓi zanen duka, ya duba da kansa ya ɗaure abin da ya gani. Yana rage aiki, kuma ina amfani da shi, amma ka san halinsa: abin da ya gani yake ɗaurewa, bai san abin da kake nufi ba. In tsautsayi ya sa tsawon wani ƙarfen ado ya zo daidai da layin wani, zai iya jera su a miƙe ɗaya, alhali kai ba ka taɓa nufin haka ba. Yana kuma da sassaucin da yake yi, wanda za ka gani a CONSTRAINTSETTINGS: layin da ya karkata da ƙasa da digiri 1 yana iya ɗaukarsa a matsayin kwance ya miƙar da shi. Ka tuna da wannan in kana zana gangaren da ruwa zai bi. A wannan akwatin za ka iya cire alamar irin dabaibayin da ba ka so ya sa, ka kuma canja wanda zai fara gwadawa.

Ɗan'uwansa shi ne CONSTRAINTINFER, mai ɗaurewa tun kana cikin zane. In yana kunne, duk bakin da ka kama da maganaɗisun kama baki, wato object snap, zai manne, FILLET kuma, umarnin da ke mai da kusurwa baka, zai sa wa bakan da ya yi mannewa da saukar lafiya. Ba ya sa turke, ba ya sa madubi, ba ya sa daidaiton tsawo, waɗannan naka ne. Ka kunna shi lokacin da kake gina sashen da kake so a ɗaure, ka kashe da ka gama. In ka manta shi a kunne ka shiga zanen gida duka, kowane bango zai manne da maƙwabcinsa, ka ja taga ɗaya ɗakin girki ya biyo ta.

Bayan kowane ɗayansu, ka nuna alamomin da CONSTRAINTBAR ka bi su ɗaya ɗaya. In ka ɗora linzamin kwamfuta a kan alama, layukan da ta ɗaure za su haskaka. Wadda ba ka yarda da ita ba, danna dama a kanta ka goge ta ita kaɗai. DELCONSTRAINT kuwa duk abin da ke jikin layin yake kwancewa, na siffa da na awo, don haka ka yi hattara da shi.

Yanzu awo

Rubuta PARAMETERS, akwatin lambobi ya buɗe. Kafin ka sa awo ko ɗaya a zane, ƙirƙiri lambobin da ka rubuta a takarda, kowace da sunanta: fadi=3500, tsayi=2200, gibi=10, kasa=50, firam=40, sanda=20, adadi=12. Ba a barin fili a cikin suna, ba a fara shi da lamba, kuma ni ina guje wa haruffa masu ƙugiya a nan don kada su rikice a wata kwamfutar. AutoCAD da kansa d1, d2, d3 yake raɗa wa awo. Wata uku nan gaba, in Alhaji ya dawo, ba za ka tuna ko d7 tazarar sanda ce ko giɓin ƙasa ba. Suna na Hausa ba ya ɓace maka, yaron da ke koyo a wurinka ma zai karanta ya gane.

DCLINEAR shi ne na faɗi da tsayi. Danna baki na farko, danna na biyu, ajiye layin awon, sai ya ba ka wurin rubutu. Tsakanin ginshiƙai ka rubuta rami=fadi. A faɗin ganyen hagu ka rubuta ganye=(fadi-3*gibi)/2, zai ba ka 1735. Tsayin ganye, tsayi-kasa, 2150. Daga layin tsakiya zuwa bakin ganye, gibi/2. Daga layin ƙasa zuwa gindin ganye, kasa. Layukan cikin firam kuwa kowane ya yi nisan firam daga na waje. Ga abin da ya karkata akwai DCALIGNED, ga kusurwa DCANGULAR, ga baka da da'ira DCRADIUS da DCDIAMETER. In kana da tsohon zane mai awo na yau da kullum, DCCONVERT yana mai da su dabaibayi.

Ka sa manyan awo kafin ƙanana. In ka fara da kaurin 40 alhali faɗin ganye bai zauna ba, ƙananan sassa ne za su yi ta jan manya.

Wani lokaci za ka zo sa awo AutoCAD ya ƙi, ya ce ɗaurin zai yi yawa. Gaskiya yake faɗa. Misali, ka riga ka ba da faɗin rami, da faɗin ganye, da giɓin tsakiya, sai ka zo sa giɓin da ke tsakanin ganye da ginshiƙi. Wannan lambar ta riga ta haifu daga sauran, ba wurin sabon umarni. Zai ba ka zaɓin mai da shi awon shaida, wanda ke nuna lamba a cikin baka biyu, kamar (10), ba tare da ya umarci kowa ba. Karɓi wannan zaɓin. In ya nuna 10, lissafinka daidai ne. In ya nuna wani abu dabam, ka kama kuskure tun ƙarfe bai ji wuta ba.

Sanduna, inda aikin yake

Cikin firam faɗinsa ciki=ganye-2*firam, wato 1655. Sanda 12 suna barin tazara 13, don akwai tazara kafin ta farko da bayan ta ƙarshe. Wannan ɗayan da ake ƙarawa shi ne abin da aka fi mantawa. Saboda haka tazara=(ciki-adadi*sanda)/(adadi+1), wato 1415 a raba 13, kusan 108.8.

Zana sandunan, ka manne kan kowace da layin cikin firam na sama, gindinta da na ƙasa, ka tsayar da su. Ba wa ta farko faɗin sanda, sauran ka ɗaure su da ita. Sannan ka sa awon tazara a wurare 12, kowane ka rubuta masa sunan tazara, na 13 ka bar shi awon shaida. Aiki ne mai cin lokaci, ban ɓoye maka ba, amma sau ɗaya ake yinsa.

Me ya sa 12, ba 10 ba? Saboda yara. Ƙa'idar Faransa ta shingen bene ba ta yarda tazarar sandunan tsaye ta wuce santimeta 11 ba, don kada kan yaro ya shige. Ƙofar gida ba shingen bene ba ce, amma duk wanda ya ga yadda yaran unguwa ke liƙe wa ƙofa da yamma zai yarda a riƙe wannan iyakar. Ni ba na wuce ta, ko da maigida ya ce a rage sanda don a rage kuɗi. Ina nuna masa lambar, in gaya masa dalili, kuma ban taɓa samun uban da ya ƙi ba.

To, ga kiran Alhaji ya zo. Buɗe akwatin lambobi, mai da fadi 4000. Ginshiƙai su buɗe, ganye ya koma 1985, ciki 1905, sanduna su baje. Dubi tazara: 128. Ta wuce iyaka. A nan ne za ka ga inda dabaibayi ya tsaya: yana motsa abin da ke akwai, ba ya haifar da sabon layi. In ka mai da adadi 14, lissafi zai ba ka 108.3, amma sandunan da ke allo 12 ne har yanzu, sai ka ƙara biyu da hannunka ka ɗaure su. Za ka iya sa kwamfuta ta gaya maka adadin da ya dace: bukata=ceil((ciki-110)/(sanda+110)). 110 ɗin ita ce iyakar santimeta 11 a milimeta, kalmar ceil kuma tana ɗaga lamba zuwa cikakkiya ta sama. A faɗin 3500 tana ba da 12, a 4000 tana ba da 14. Daga AutoCAD 2012 kuma akwai jeri mai rai na ARRAYRECT, umarnin da ke maimaita abu a jere da kansa, wanda ke karɓar lissafi a wurin adadi da nisa, sai ka ba shi bukata a adadi, tazara+sanda a nisa. In ka bi wannan hanyar, ka riƙa auna nisan sanda ta farko da firam bayan kowane canji.

Jijjiga shi

Magini ba ya barin ginshiƙi sai ya tura shi da hannu ya ji. AutoCAD ba ya ƙirga maka hanyoyin motsin da suka rage, saboda haka gwajin naka ne. Kama kowace kusurwa da linzami ka ja. In ta motsa, akwai sako-sako a wurin, kuma yadda ta motsa zai gaya maka abin da ya rage: in gefe ta tafi, awon faɗi ko madubi ne babu, in ta rabu da maƙwabciyarta, mannewa ce babu. Sannan ka gwada lambobin da suka wuce hankali, fadi 2000, fadi 6000, ka ga ko baka zai kife ko sanduna za su haye juna. Ka adana fayil kafin wannan gwajin, ka kuma saba da adanawa akai-akai, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa.

In kana so ka motsa abu ɗaya na ɗan lokaci ba tare da ka goge ɗaurinsa ba, taɓa Shift bayan ka kama shi, dabaibayin zai saki. Ka sani dai, wanda bai ƙara dacewa ba bayan motsin, cire shi za a yi, don haka ka sake duba alamomin.

Wanda ba shi da AutoCAD, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko na makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke son ya ƙware a gida, ya sauke FreeCAD. Kyauta ce, kuma wajen koyon wannan fanni ina ganin ta fi AutoCAD kyau, don sashen zanenta yana rubuta maka adadin hanyoyin motsin da suka rage, zanen kuma ya koma kore in ya ɗauru duka. Lissafin 16 zuwa sifiri da muka yi, a can da idonka za ka ga yana sauka.

Kada kuma daɗin abin ya sa ka ɗaure komai. Zanen gida mai ɗaki shida in ka cika shi da dabaibayi, kwamfuta za ta yi nauyi, gyara ya fi da wahala. Wurinsa shi ne abin da ake maimaitawa da awo dabam dabam: ƙofa, taga, shingen bene, ƙafar tankin ruwa, farantin gindin ginshiƙi.

Takardar da za ta je shago

Awon dabaibayi kamar yadda yake fitowa da farko ba ya bugawa a takarda. Mutane da yawa sun kai zane wurin bugawa sun dawo da ƙofa ba lamba ko ɗaya. Zaɓi waɗanda kake so su fito, buɗe akwatin Properties, ka mai da nau'insu Annotational, sai su ɗauki salon awonka su bugu. Sannan ka sa CONSTRAINTNAMEFORMAT a kan 1 don lamba kaɗai ta fito. Mai walda 1985 yake nema, ba ruwansa da sunan da ka raɗa mata. Tazarar 108.3 kuma ka san ba mai auna ta da mitar hannu. Ka rubuta masa 108, ka ce ya fara jera sanduna daga tsakiyar ganye, ɗan abin da ya rage ya rabu gefe biyu.

Saura lissafin ƙarfe, kuma a nan kada ka bar wa kwamfuta ita kaɗai. Tiyo mita 6 ake sayarwa. Firam ɗin ƙofar 3500 yana cin guda huɗu na 2150 da huɗu na 1735, jimla 15540. Tiyo uku sun isa, in an yanka da tsari: biyu a fitar da 2150 ɗaya da 1735 biyu daga kowane, na ukun a fitar da 2150 biyu. In yaron shago ya fara da yanka dogaye biyu daga kowane tiyo, guntun da zai rage 1700 ne, bai kai 1735 ba. A ƙofar 4000 jimlar 16540 ce, ƙasa da mita 18, kuma duk lissafin da ka rubuta a akwatin lambobi uku zai ce maka. Amma gwada yankawa: 1985 uku suna fita daga tiyo ɗaya, 2150 da 1985 biyu kuwa sun kai 6120, ba za su fita ba. Sauran tiyo biyun guda bibbiyu kawai za su bayar, guda bakwai ke nan cikin takwas. Sai an sayi na huɗu, ko a yarda da haɗi a jikin firam. Ka rubuta tsarin yankan a gefen takardar, ka kira Alhaji ka gaya masa kuɗin tiyo na huɗun tun yau, kafin mai walda ya aika yaro kasuwa.